Rabon Marar Gona a Fadama

Ni malamin firamare ne da ya kusa ritaya, haifaffen wani ƙauye a gaɓar kogin Jama'are, cikin ƙasar Katagum ta jihar Bauchi. Gidanmu ba mu taɓa mallakar ko taku ɗaya a fadama ba, amma da fadama aka raine mu, ni da ƙannena uku. Ina so in ba da labarin yadda hakan ta yiwu, da yadda aka kusa raba mu da ita, tun da sauran masu iya shaidata a raye.

Babanmu ya rasu a 1983, ina firamare. Ya bar wa Inna ƴar gonar tudu ta gero, da awaki biyu, da mu. Damina ta gaba ita ce ta 1984, kuma duk wanda ya kai shekaruna a arewa ya san abin da nake nufi. Gero ya fito ya kai gwiwa, ruwa ya ɗauke, ya bushe a tsaye. Ko ambaliyar da kogi ya saba kawowa daga tsaunukan Jos ba ta zo da ƙarfi ba, sai babban tabkinmu da ƴan kwaruruka ne suka samu ruwa. Magidanta suka watse ci-rani, wasu Kano, wasu Jos, wasu har kudu. Inna ba ta da inda za ta da yara huɗu.

Da asuba take tashe ni mu nufi tabki. Sai ta tattare zani ta shiga ruwa har ƙugu, tana lalube da ƙafa a cikin laka. In ta taka saiwar bado sai ta nutsa hannu ta tumɓuko, ta jefo mini gaɓa, ni kuma ina tarawa a ƙwarya. Ƴaƴan badon da suka nuna ta tsinko su daban. Waɗannan shanya su ake yi, a fasa, a fitar da ƙwayar, a daka, a tuƙa tuwo da garin. Saiwar kuwa a dafa ta da ɗan gishiri, a ci a sha ruwa. In ta fito daga tabkin, matsattsaku ne manne a ƙwaurinta, sai ta barbaɗa musu toka da take ƙullowa a bakin zani, su saki, jini na bin ƙafarta. Ba ta taɓa bari na shiga ba. Takan ce, "Kai dai tsaya ka lura da ƙwarya, makaranta za ka."

A duk wannan shekarar ba wanda ya taɓa tambayarta izinin wa ta samu. Ba wai tabkin ba shi da ƙa'ida ba ne. Yana da ita, mai tsauri ma. Sai dai ƙa'idar ta lokaci ce, kowa da nasa.

Ga yadda abin yake. Da faɗuwar damina masu gonakin fadama su shuka shinkafa kafin kogi ya cika. Wajen watan Agusta ruwa ya malalo ya shafe ko'ina, kifi ya biyo shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. A wannan lokacin ba ka iya nuna iyakar gonar kowa, masu kwale-kwale na ratsa kan gonar dagaci da ta talaka, suna kafa mali, suna zuba kalli. In ruwa ya fara janyewa aka yanke shinkafa, mai gona ba ya share ƙasa. Abin da ya zuba na masu kala ne, wato tsofaffi da zawarawa da marayu irinmu. Inna takan tara abin da zai kai mu wani lokaci mai tsawo daga kala kaɗai. Bayan kala wasu su binne wake a cikin danshin da ruwa ya bari. Sannan dagaci ya aika wa Arɗo cewa an gama kwashe amfani, shanu su gangaro ta burtali su ci ragowar kara da ciyawar burgu, su sha a mashaya, su bar taki. Na ga manomi da idona yana kai wa Bafulatani damin dawa don ya kafa ruga a gonarsa. Tabkin kuma, da zarar ya rabu da kogi, Sarkin Ruwa ya rufe shi. Ko ɗansa aka kama da homa a ciki sai an ci shi tara. Sai cikin bazara, lokacin da rumbuna suka fara yin ƙasa, a sa ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya. A ranar kowa ya shiga, mai gora, mai homa, har mai kwando. Tarwaɗa da ƙarfasa da gaiwa su wadata gari, gidan da ba namiji ma sai an aiko masa da nasa.

A kan jigayin da ke tsakanin kwaruruka akwai kurmin goruba. Nan Inna take yankan kaba ta saƙa tabarma da faifai da igiya, ta kai ranar kasuwa. Da kuɗin kaba aka ɗinka mini rigar makaranta, da shi ake sayen kananzir ɗin fitilar da na yi karatu da ita. Mata masu ginin tukwane kuma suna ɗiban yumɓu a gefen tabki. Fili ɗaya ne, amma a shekara yakan ciyar da mai shinkafa da masunci da makiyayi da mai saƙa da mai tukwane, ba tare da wani ya tauye wani ba.

Sai injin ban-ruwa ya zo. Ba zan zage shi ba, domin na san jigo. Na ga yadda kawuna yake wuni yana ja da guga don ya shayar da lambun da bai fi faɗin tsakar gida ba, har bayansa ya ranƙwafa tun bai tsufa ba. A shekarun 1980 hukumar bunƙasa noma ta jihar Bauchi ta fara yaɗa ƙananan injuna masu shan fetur, da ƴan rijiyoyin burtsatse da ake haƙawa a cikin rairayin fadama. Mutum ɗaya ya iya shayar da abin da goma ba sa iyawa. Albasa da tumatir da tattasai suka cika gaɓa, samari suka rage tafiya ci-rani, rufin kwano ya fara bayyana a gari. Alheri ne, kuma har yau muna cin moriyarsa.

Amma daga ranar da aka gane ana iya noman rani a ko'ina cikin fadama, ƙasar ta yi kuɗi. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama daga waje, farashinta ya tashi, masu hali daga birane suka bazu cikin fadamun Haɗeja da Jama'are suna neman fili. Namu rabon shi ne wani Alhaji da ya zo da mota da tarakta. Ya fara da karɓar jinginar gonaki daga gidajen da fari ya bar su da bashi, jinginar da mafi yawanta ba a taɓa fansa ba. Daga nan ya nemi filin da ke kewaye da tabki da kurmin goruba. Da aka tambaya na wa ne, aka ce ba na kowa ba ne, tunda ba mai noma shi. Dagacin wancan zamani, Allah ya gafarta masa, ya ba da wasiƙa, aka kai ƙaramar hukuma, takarda ta fito.

Ina makarantar horon malamai a lokacin. Na zo hutu, na raka Inna yankan kaba kamar yadda muka saba, sai muka tarar da waya mai ƙaya an ja ta daga bakin tabki har bayan kurmin. A ƙofa akwai mai gadi da sanda. Yaron ɗan maƙwabtanmu ne, Inna ce ta yi masa wankan farko ranar da aka haife shi. Da ya hango mu sai ya durƙusa ya gaishe ta, bai ɗago kai ba.

Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri. Alhaji ya ce kada kowa ya shiga."

Ta ce, "Ɗan nan, ni me ya haɗa ni da alkamarsa? Kaba zan yanka in fita."

Ya ce, "Wallahi Inna, ya ce har goruba da tabkin duk suna cikin takardarsa. In na bar ki, yau zai sallame ni, kin kuwa san halin da Baba yake ciki."

Ta tsaya tana kallon gorubar da ke tsallaken waya, lauje a hannunta. Sannan ta ce masa, "Tashi, ba laifinka ba ne. Ka gaida babanka." Muka juya. Har muka iso gida ba ta ce uffan ba. Daga ranar sai dai ta sayi kaba a kasuwa ta saƙa, ribar ta koma abin da bai taka kara ya karya ba. A shekarar aka cire ƙanwata daga makaranta aka ɗora mata tallan ƙuli-ƙuli, kuma ba ta koma ba har aka yi mata aure.

Aka ɗage takunkumin alkama a 1992, farashi ya faɗi, amma waya ba ta tashi ba. Alhaji ya koma yanka filin gunduwa-gunduwa yana ba mutanen gari haya a kowane rani. Ranar su ta mutu, domin an ba wasu ƴan kasuwa hayar tabkin, su kuma suna zuwa da taru su kwashe komai, wani lokaci ma a zuba gamalin, wani maganin ƙwari mai guba, kifi manya da ƙanana su taso a mace. Sauran manoma, ganin abin da ake samu, su ma suka yi ta cin burtali kaɗan-kaɗan, wannan ya ƙara kunya biyu, wancan ya ƙara uku, har hanyar da garke ke bi a sake ta koma wadda jaki mai kaya ke ratsawa da kyar.

Wani rani a tsakiyar shekarun 1990 abin da ake gudu ya faru. Shanu sun kwana biyu ba su sha ba, yaran da ke kiwo suka kora su da dare zuwa mashaya, suka bi ta cikin albasa. Da gari ya waye aka yi kaca-kaca. Aka sari wani saurayi a kafaɗa, hannunsa bai sake moruwa ba, aka ƙone bukkokin ruga, Arɗo ya tattara jama'arsa suka tashi. Abin da har yau yake damuna shi ne su waye suka yi faɗan. Wanda aka sara ɗan ƙwadago ne, albasar ba tasa ba ce. Yaran da ke kiwon su ma yawancin shanun ba nasu ba ne. Masu albasa da masu shanu suna kwance a gidajensu. Bayan tashin ruga nono ya yi tsada, taki ya ɓace, kowa ya koma dogaro da buhun takin zamani.

Da na fara koyarwa sai na nemi in fahimci abin da ya ba takarda wannan ƙarfi. Na samu dokar filaye ta 1978 na karanta. Ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a karkara, har hekta 500 don noma, 5,000 don kiwo. Akwai kuma dokar wuraren kiwo da gwamnatin Jihar Arewa ta yi tun 1965. Amma takardar da ake bayarwa suna ɗaya take ɗauka, kuma ta ba shi filin duk wata goma sha biyu na shekara. Ba ta da gurbin da za a rubuta cewa daga girbi zuwa bazara akwai haƙƙin makiyayi, ko cewa gorubar da ke ciki akwai mata arba'in ko hamsin da ke ci da ita. Mai gona in an ƙwace masa yana da iyakar da zai nuna wa alƙali. Mai kala da mai kaba ba su da abin nunawa. Shi ya sa in an zo rabon fadama su ne na farkon faɗuwa, kuma ko a lissafin waɗanda aka zalunta ba a sa su.

Mafita ta zo mana ta inda ba mu zata ba. Shirin Fadama na farko, wanda Bankin Duniya ya tallafa a shekarun 1990, manoman rani ya fi mai da hankali a kansu, da injuna da rijiyoyi. Da aka zo kashi na biyu a 2004, wanda Bauchi da Gombe duk suna ciki, sai aka sauya tsari. Aka ce duk masu cin moriyar fadama su kafa ƙungiyoyi, manoma da makiyaya da masunta da mafarauta da mata, su haɗu su rubuta tsarin abin da suke so tare, kafin a saki kuɗi. Masu injuna a garinmu suna matuƙar son a yi musu hanya da kwalbati, domin tumatir na ruɓewa kafin mota ta iso. A karo na farko a rayuwata na ga masu hali suna bukatar sa hannun marasa hali.

Aka naɗa ni magatakarda saboda ina rubutu. Na ce ba zan rubuta sunan ƙungiyar da ba ta zauna a taro ba. Muka aika wa ɗan Arɗo, wanda ya gaji mahaifinsa, a can inda suka koma. Ya ƙi zuwa sai da liman ya taka da ƙafarsa. Mata masu saƙa da masu tukwane suka kafa tasu ƙungiyar. Alhaji ya riga ya rasu, ɗansa ne ke riƙe da filin, shi ma ya gaji da gyaran wayar da ake yankewa kowane dare.

An yi zama da yawa a ƙofar sabon dagaci, wasu an tashi baram-baram. Liman ya karanto hadisin da ke cewa mutane sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. Ɗan Alhaji ya ce ya ji, amma mahaifinsa da kuɗinsa ya samu takarda. A nan ne Inna, wadda ta tsufa har tana dogara sanda, ta ce a ba ta dama. Tsohuwa ce, ba mai hana ta magana.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba gona na zo roƙo ba, ban taɓa roƙon gona ba. Ɗan nan ya riƙe gonarsa, Allah ya sa albarka. Amma ya faɗa mini, gorubar nan babansa ne ya shuka ta? Tabkin nan shi ya haƙa? Da badon cikinsa na ciyar da wannan da ke riƙe muku alƙalami. Yanzu akwai mata a garin nan da mazansu suka mutu, in fari ya dawo ina za su?"

Ba a kammala a ranar ba, amma daga ranar magana ta sauya. A ƙarshe ga abin da na rubuta da hannuna, kowa ya dangwala. An janye waya daga gabashin tabki da kurmin goruba, mata su yanki kaba amma ba a sare itace. Tabki ya koma hannun Sarkin Ruwa, ba taru, ba gamalin, a rufe shi har ranar su. Aka kafa turke a cikin ruwa, in ruwa ya sauka ya kai gindinsa kowa ya cire bututun injinsa, saura na dabbobi ne da kifi. Ranar shigar shanu dagaci da Arɗo ne za su tsayar tare, a sanar bayan sallar Juma'a, wanda bai kwashe amfaninsa ba ya yi magana tun kafin ranar. In dabba ta yi ɓarna, mutum biyu daga manoma da biyu daga makiyaya su je su kimanta kafin a kai wa ƴan sanda.

Ba duka muka samu ba. Tsohon burtali ya tafi, domin gidaje da yawa sun riga sun dogara da abin da suka ci daga cikinsa, kuma su ma ba masu kuɗi ba ne. Sabon da aka fitar ya fi tsawo, yana zagayawa ta tudu, Fulani sun karɓa ne ba don ransu ya so ba. Kala kuma an bar ta ga imanin mai gona, yau wasu na bari, wasu na cinna wa tattaka wuta da zarar injin casa ya tashi. Gonakin da aka jinginar ba wadda ta dawo. Duk da haka Inna ta ga ranar su ta dawo kafin Allah ya karɓi abinsa, ta kuma ci tarwaɗar da jikanta ya kamo da homa.

Yanzu abin yana neman komawa gidan jiya. Ambaliyar 2022 ta cinye shinkafar mutane da yawa, aka shiga rani da bashi. A 2023 aka cire tallafin fetur, ƙaramin manomi ya kasa ciyar da injinsa, jingina ta dawo. Masu hali sun koma injin sola, wanda ba ya shan mai, saboda haka ba abin da ke sa a kashe shi daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. Bara tun kafin tsakiyar rani ruwa ya kai gindin turke, wasu suka ƙi cire bututu, suka ce su baƙi ne, ba su dangwala a takardar kowa ba. Ga kuma maganar madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a saman wannan kogi namu, wadda kan taso lokaci zuwa lokaci. Ba na gaba da madatsa, amma na je ɓangaren Haɗeja da Nguru na ga yadda ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, na ga tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikinta suna cinye shinkafa. Duk wanda zai taɓa ruwan Jama'are, ya fara zama da mutanen da ambaliyar ke ciyarwa, har da waɗanda ba su da gona.

Gaskiyar baƙin nan ita ce takardarmu ba ta da hatimin hukuma, tasu kuwa tana da shi. Don haka muka sake haɗuwa, ni da Sarkin Ruwa da Arɗo da shugabar mata masu saƙa. Samarin gari, ƴaƴan manoma da na Fulani tare, sun bi burtali da mashaya da gaɓar tabki da kurmin goruba da wayar hannu, sun ɗauki ma'aunin kowace kusurwa. Abin da muke nema wurin majalisar ƙaramar hukuma abu biyu ne: a mai da yarjejeniyar dokar yanki, kuma duk takardar fili da za a sake bayarwa a cikin fadamar nan a rubuta a jikinta cewa mai ita ya karɓa ne da sharaɗin hanyar shanu, da turken ruwa, da ranar su, da yankan kaba. Dagaci ya sa hannu, hakimi ya karɓi kwafi, kansilanmu ya yi alkawarin gabatarwa. Garuruwa biyu da muke shan tabki ɗaya da su ba su kawo nasu sa hannun ba tukuna, kuma can za mu nufa da zarar an gama yankan shinkafa, in Allah ya kai mu.